Murhun Lauratu a Kasuwar Dare

Lauratu mai masa mutuniyar Kano ce, amma a Yerwa ta tsufa. Tare da mijinta Ya'akubu tela suka zo, suka sauka a unguwar Abbaganaram, ita kuma ta kafa murhu a kasuwar dare, kusa da masu sayar da bandar kifi. Shekara tara tana wurin. A nan ta san Kellu, wata Babarbariya mai tallar gyaɗa a gefenta. Lauratu ce ta koya mata jiƙa shinkafa da kwaɓa ƙullu, har suka zama kullum tare suke tashi daga kasuwa.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso gari Ya'akubu ya rasu. Da za ta shiga takaba, Lauratu ta miƙa wa Kellu tanda da ludayi.

"Ya Kellu, riƙe mini wurin nan, kada wata ta zauna."

"Haba Yaya, wurinki yana nan har ki fito."

Da fari Kellu takan leƙo da masa a kwano. Daga baya ta ɗauke ƙafa. Lauratu ta ce hidima ce ta yi mata yawa.

Ran da ta fita takaba, bayan sallar isha'i, ta yafa mayafi ta nufi kasuwa. Fitilun aci-balbal sun haska layi, ƙamshin tsire da turaren wuta ya cika wurin. Umara mai tsire ya hango ta, ya miƙe da wuƙa a hannu.

"Ikon Allah! Ba an ce kin koma Kano ba?"

"Wa ya ce?"

Sai ya dubi wajen murhunta. Can ta ga sabuwar rumfar zana, mutane sun yi cincirindo, Kellu na juya masa.

"Wushe, Ya Kellu," Lauratu ta gaishe ta da Barbarci.

Kellu ba ta ɗago ba. "Bulama mai unguwa ya ba ni wurin," in ji ta. "Na ce masa kin bar gari. Yara huɗu gare ni, Yaya, gyaɗa ba ta ciyar da su."

"Da kin ce mu zauna tare, ai da na yarda."

Kellu ta ci gaba da zuba ƙullu. Lauratu ta tsaya a kanta har aka kwashe masar da ke wuta. Sannan ta naɗe hannu da mayafi, ta sauke tandarta da zafinta, ta juya. Masu jira suka buɗa mata hanya.

Ba ta kai ƙara wurin Bulama ba. A ƙofar gidanta ta koma suya da safe, ciniki kaɗan-kaɗan, har ƙarfinta ya ƙare. Sau biyu Kellu ta aiko Umara ya ba ta haƙuri. Lauratu ta ce ta yafe, amma a gaya wa Kellu kada ta zo.