Mai Dabinon da Na Bari Ba Fuska

Ranar wata Talata ce cikin watan Yuni, ina aji huɗu a sakandare, hadari ya haɗo ta wajen kogin Shari, ajinmu ya yi duhu. Mushe, malamin zane, ya rubuta a allo cewa mu zana mai talla a kasuwa. Zane kaɗai na iya da kyau, shi nake fata ya cike mini giɓin lissafi, don Baba ya riga ya ce in na faɗi, shagonsa na atamfa a unguwar Klémat yana jirana.

Tun ina ƙarami, in na gama ɗebo ruwa a famfo na ba tumaki dusa, yara su tafi langa, ni gawayi nake nema in cika bangon zaure da motoci da kwalekwale. Kaka Hajja ba ta hana ni, amma tana da doka ɗaya. "Ya wiledi," in ji ta, wato ɗana da Larabci, "zana abin da ka ga dama, ban da fuska. Ranar gobe ƙiyama cewa za a yi ka hura mata rai." Maganar ta zauna mini a ƙirji, ko kaza na zana sai in bar kanta fayau.

To ranar nan na zage. Na zana mai dabino zaune da farantinta, laffayarta ninki bisa ninki, har ƙudan da ke bin farantin. Da na zo fuska, hannuna ya ƙi. Wallahi na ɗora fensir na ɗage har aka karɓi takardu. Mushe ya daɗe yana kallon tawa. Ya ce aikin ya yi kyau, amma takardar gyara ta ba ido da hanci da baki makinsu, shi kuma ba zai ba da makin abin da babu ba. Ban kai rabi ba. Baba ya duba sakamakon ya ce, "Kalas," wato shi ke nan, sai shago.

Yanzu ni ke auna yadi a shagon, da ya koma unguwar Diguel, bayana ya gaji, fensir kuwa sai in zan yi wa yadi alama. Kaka ta rasu, dokar ma ba mai tuna ta a gidan. Kwanan baya ɗana ya kawo zanen jarrabawarsa, an ba shi maki mai kyau. Ni ya zana, a bakin shago. Na ga wani dattijo, idanu sun faɗa, baki a tsuke. Yaron bai yi mini ƙarya ba.