Zariya da Dawowa, Saboda Allura

Asubar fari muka bar gida, ni da maigidana da wata aminiyata da muka yi ƙuruciya tare. Ƙauyenmu yana tsakanin Bunkure da Kura, sai a bayan jaki na iso bakin titi, su biyu suna biye a ƙasa. Ciwon daji ne ya kama ni a nono, aka yanke shi bara a babban asibitin Zariya. Tun daga nan nake komawa karɓar wata allura mai kayar da mutum kamar zazzaɓi. Ta zubar mini da gashi, ta ɗauke mini ɗanɗanon abinci, amma likita ya ce ita ce ke hana ciwon yaɗuwa.

Gari na wayewa muka samu a-kori-kura a Kura. Direban ya ce kuɗin mota ya ƙaru, maigidana ya tsaya ciniki yana lissafi da sule, shi kuma yana ba shi amsa da kwabo. Tun da aka canja kuɗi mutane ba su daina wannan rigima ba. Da direban ya dubi fuskata sai ya sauko da wani ɗan kasuwa daga gaba ya ce in zauna nan.

Daga Kura zuwa Kadawa ido ba ya gajiya. Wurin da muka sani fako ne da rani, yanzu alkama ce kore shar, ruwa na gudu a magudanan siminti, masu tsinkar tumatir sun jera kwanduna a bakin hanya. Tumatir ya yi arha har ana roƙon matafiya su saya. Na ga wata mata tana shanya yankakke a kan tabarma, sana'ata ke nan kafin in kwanta, sai na ji hannuna yana ƙaiƙayi.

A Garun Malam aka tsaya shan mai. Warin fetur ya haɗu da hayaƙin tsire, na sauka na yi amai a gindin wata darbejiya. Nan zuciyata ta karye. Na ce da maigidana mu koma gida, tun ba a yi allurar ba ga yadda nake, ina ga an yi. Shi dai ya riƙe mini buta. Aminiyata ce ta tsuguna kusa da ni.

"Ƙawa, na bar 'ya'yana da surukata mai faɗa saboda ke," in ji ta. "In kin koma ba allura, me zan ce mata na je yi? Tashi."

Dariya ta kama ni ina share baki. Wata Bafulatana mai tallar nono ta dama mini fura mai ruwa-ruwa ba yaji, ta ƙi karɓar komai. Furar ce ta zauna mini a ciki har muka wuce Kwanar Ɗangora, na yi barci ban farka ba sai a Zariya.

A layin asibiti na zauna kusa da wata yarinya mai goyo, zuwanta na farko, sai kuka take yi a hankali. Ta ji an ce gashi yana zubewa. Na duba babu namiji kusa, na zame ɗankwalina na nuna mata kaina tal kamar ƙwarya. Na gaya mata rabona da zafin kitso tun bara, kuma har yanzu ina nan ina yi wa jikokina tsawa. Ta yi murmushi, da aka kira ta kuma ta miƙa wa aminiyata jaririn ta shiga da ƙafarta.

Ni ma aka yi mini tawa. Likita ya latsa hammatata, ya ce ƙullutun da ke nan ya ragu, amma da sauran zuwa. Maigidana, wanda ba ya magana a gaban mutane, ya yi ta maimaita alhamdu lillahi har wata ma'aikaciyar jinya ta yi dariya. Muka kwana gidan wani ɗan garinmu a Tudun Wada, matarsa ta yi ta jinyata kamar uwarta.

Washegari muka juyo, jikina kamar an daka. Ana kiran la'asar muka shiga gida. Na tarar maƙwabta sun share tsakar gida, sun cika randuna, sun kuma riga sun yanke wadda za ta raka ni zuwa na gaba, ba tare da sun tambaye ni ko zan koma ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ƙarfin hali ba kullum yake zama a ƙirjin mutum ba. Wata rana yakan ƙare maka a tsakiyar hanya, sai ka ara wurin na kusa da kai, ka kuma ba wani ragowar. Waraka ta Allah ce. Ni dai zan koma.