Guɗar Kaka a Zauren Kiɗa

Jiya a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wata yarinya ta zauna kusa da ni, sautin fiyano na tsiyayowa daga abin kunnenta. Nan take na ga kaina ina 'yar shekara tara, cikin ƙaton kot mai sa ƙaiƙayin wuya.

Lokacin sanyi ne, Kaka ta zo daga Kano jegon Mama. Baba na karatu a Bloomsbury, malaminsa ya ba shi tikiti uku na kaɗe-kaɗen Turawa, ranar Lahadi da rana. Mama na fama da jariri, sai muka tafi da Kaka, ta sha atamfa da safa biyu, tana ƙamshin turaren wuta. Baba ya ja mana kunne kan tari da cin goro. Abin da ya manta bai faɗa ba, kiɗan kashi-kashi ne, ba a tafawa sai an kai ƙarshe.

Makaɗa sun cika dandamali, masu goge a gaba, wata siririyar mata a gaban fiyano. Ta fara a hankali kamar mai lallashin yaro, can ta rikice har ba a ganin yatsunta. Kaka ta damƙe hannuna. Da kashin farko ya ƙare zauren ya yi tsit, ita kuwa ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Kawuna suka juyo. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na fizge hannuna na ce, "Kaka, stop it!" Ba ta jin Turanci, amma ta gane.

Bayan hutu aka shiga babban kiɗan, babu fiyano, sai ganguna da ƙahoni har kujera na rawa. Kaka ta naɗe hannuwanta cikin mayafi. Da aka gama, Turawan nan suka miƙe suna ihu da buga ƙafa, har da malamin Baba. Ta leƙo fuskata ta ce, "Takwara, yanzu an yarda?" Na sunkuyar da kai don kunya, ita ma ba ta sake guɗar ba. Har ta koma gida ba ta tada maganar ba, wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Yau na san inda ake tafawa a kowane kiɗa. Bara aka yi bikin 'yar ƙanwata a Abbey Wood. Da aka fito da amarya, mata suka juyo gare ni, don ni ce babba a dangi. Na kama hanci, na buɗe baki, ba abin da ya fito. Wadda za ta koya mini, ni na rufe mata baki.