Silimar Iya da Jirgin Baba

Lokacin da aka dawo da ma'aikatar su Baba Abuja, gidan da aka ba mu a Garki bene ne, mu muna ƙasa, kuma dokar farko da aka karanta mana ita ce ba a hura wuta a harabar gidan. Iya, mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko daga Zariya don ta zauna tare da mu, ta saurari dokar nan har ƙarshe tana gyaɗa kai. Washegari ta aika aka sayo mata murhun gawayi. Ta ce a iya saninta gawayi ba wuta ba ne, dangantaka ce kawai ta haɗa su.

A bayan kicin, tsakanin igiyar shanya da tankin ruwa, nan ta kafa fadarta. Da an idar da sallar magariba sai ta shimfiɗa tabarma, ta jera masara a kan garwashi, ta ɗauki mafici. Mu kuwa sai mu kewaye ta: ni, da ƙanena Nura wanda take kira maigidanta, da yaran benen gaba ɗaya. Har maƙwabciyarmu Maman Bulus, wata nas 'yar Filato, takan jawo kujera ta ce ta zo shan iska ne. Iya tana da nata salon buɗe labari. Sai ta ce, “Ku matso, baƙuwa ta iso.” Mu amsa, “Ta sauka lafiya.” Daga nan ba mai motsi sai mai juya masara.

Baba kuwa nasa abin daban ne. Da aka tura shi kwas Ingila, abokan tafiyarsa suka dawo da kwat da agogo, shi ya dawo da wani kwali cike da gutsattsarin roba, wai jirgin sama ne na harhaɗawa. Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai iya ɗinkewa ba, sai ga shi kowace Asabar a kan teburin cin abinci da gam da matsefata da ɗan buroshi kamar na kwalli, harshe a waje, yana liƙa tagogi. Idan yana wannan aiki ko tari aka yi sai ya ɗago ya harari mutum. Da ya kammala, ya shafe shi da fenti ruwan azurfa, ya ɗora shi a saman kabad ɗin falo, ya tara mu ya yi jawabi: duk wanda ya taɓa jirgin nan, kowane ne shi, zai gamu da shi. Da ya ce “kowane ne shi”, Iya ta dubi silin.

Ana nan sai Baba ya sayo bidiyo. Wannan akwati shi ya watse fadar Iya. Magariba na yi sai mu cika falo, mu da yaran maƙwabta, yau Indiya, gobe kaboyi, jibi 'yan kareti masu tashi sama. Iya ta ci gaba da hura gawayinta, masara ta gasu ta ƙone ba mai zuwa. Idan aka ce ta shigo ta kalla sai ta ce ita ba ta kallon mutanen da ba sa amsa sallama. Amma mun sha ganin labulen ƙofar falo yana motsi, da ɗan yatsa guda riƙe da gefensa.

Wata safiya na shiga ɗakinta na tarar ta ƙulle kayanta a zani. Ta ce da ni ranar Asabar za ta koma Zariya.

“Iya, me aka yi miki?”

“Ba a yi min komai ba, ƙawata. Abin da ya dame ni ke nan. A nan ba wanda yake yi min komai, ni ma ba na yi wa kowa komai.”

Na fita ina kuka na gaya wa Maman Bulus. Ta taho da gudu da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, tana cewa, “Haba Iya, kai ne zai tafi ka bar mu? Wa zai ba ni masara?” Iya ta yi dariya, amma ba ta kwance ƙullin ba. Baba ya roƙe ta, ta ce masa ya je ya ji da jirginsa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari. “Yaron nan” take ce masa, ko da yake a ofis har masu furfura suna ce masa oga.

Ranar Alhamis da magariba, muna tsakiyar wani fim, jarumin ya ɗaga ƙafa zai tsallake kogi, aka ɗauke wuta. Muka yi ihu. Sai muka ji muryar Iya daga bayan kicin: “Maigidana, kawo min farin zanin gadon uwarka. Ƙawata, kunno fitilar ƙwai. Yau za ku ga silimar da ba ta jiran wuta.”

Aka rataya zanin a igiyar shanya, aka ajiye fitila a bayansa. Ta sa aka fito mata da garmahon marigayi kakanmu, wanda ta taho da shi daga Zariya a naɗe cikin bargo, irin wanda ake wanawa da hannu, da tsofaffin faya-fayansa. Ashe kwanakin nan da muka yi watsi da ita ba zaman banza ta yi ba. Ta yanka siffofin mutane da kwalin sabulu, ta ɗinka wa wani cokalin katako riga da ƙyallaye, ta ɗaura wa ludayi soson wanka a ka. Sannan ta dubi Nura ta ce ya hau kujera ya sauko mata da jirgin.

Nura ya ce, “Iya, Baba ya ce kowane ne.”

“Ni na haife shi. Shi da jirginsa duk nawa ne. Hau.”

Muka zauna a gaban zanin, ita ta koma bayansa da Nura. Ta ce baƙuwa ta iso, muka ce ta sauka lafiya, sai ga inuwar cokali ta fito tana rangaji.

Wai an yi wani tela mai kwaɗayin ido, duk abin da ya gani a jikin wani sai ya ji yana so. Ya tafi yawon duniya da almakashi a aljihu. A ƙasar Indiya ya yanko gefen zani mai ƙyalƙyali. A ƙasar kaboyi ya samo malafa mai faɗin faifai. A wajen masu tashi sama ya karɓo baƙar ɗamara. A Legas ya yo wando mai faɗin ƙafa wanda yake share titi kyauta. Ya haɗa su duka a jikinsa, ya ɗora babbar riga a kai, ya dawo gida, karnuka suka bi shi da haushi, har uwarsa sai da ta tambaye shi wa yake nema.

A nan na gane yawan abin da ɗan yatsan nan na bayan labule ya kalla.

To a bayan garin akwai dodo, wato ludayi mai soso, wanda ya sace zabiyar garin ya ajiye ta a kogo tana yi masa waƙa. Iya ta wana garmaho ta ɗora allura, wata tsohuwar murya siririya ta tashi cikin shashsheƙa. Faifan yana da tsaga, saboda haka da mawaƙiyar ta kai wani wuri sai ta maƙale tana maimaita kalma ɗaya. Iya ba ta ko girgiza ba. Ta ce, “Kun ji, tsoro ya sa mata i'ina.”

Shi wannan dodo yana da tsari, ba ya cin mutum sai ya san garinsu, domin kowane gari da kayan haɗinsa. Bakano da yaji ake cin sa. Bazazzagi sai an sa daddawa. Mutumin Filato kuwa gishiri kaɗan ya isa, don dama dankali ya riga ya cika shi. Maman Bulus ta miƙe ta ce ba ta yarda ba, a ƙara musu ko albasa ce. Iya ta ce dodo ya ji, zai duba.

Duk jarumin da ya je ceton zabiya, dodo ya dube shi sau ɗaya ya gane garinsu, ya jawo kayan miya. Sai tela ya ce shi zai je. Dodo ya fito ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya dubi malafa ya jawo wani tulu, ya dubi ɗamara ya mayar ya jawo wani, ya dubi wando ya zauna ya riƙe kai. Ya ce, “Bawan Allah, don girman iyayenka, kai ɗan ina ne?” Tela ya ce, “Canka.” Dodo ya shiga jera tuluna yana ɗanɗanawa, yaji ya shige masa hanci, ya kama atishawa. Tela ya ja hannun zabiya suka fita da gudu, suka tarar da jirgin sama a ƙofar kogo.

Wani yaro ya tambaya wa ya ajiye jirgi a dajin. Iya ta ce a silimarku da mutum yake canja riga sau bakwai cikin waƙa ɗaya, wa kuka tambaya?

Sai ga inuwar jirgin Baba ta cika zanin, ƙatuwa, kyakkyawa, har muka yi tafi. Nura ya lura cewa duk sa'ad da ya matsa kusa da fitila inuwar tana ƙara girma, tafin kuma yana ƙaruwa. Ya matsa. Ya ƙara matsawa. Muna kallo fiffiken hagu ya fara sunkuyawa a hankali kamar kunnen akuya, wani wari na ƙonanniyar roba ya gauraye da ƙamshin masara.

Daidai nan wata inuwa ta tashi a bayan zanin, doguwa, da hula, da jaka a hannu. Baba ne ya dawo ta ƙofar baya.

Tafin ya tsaya, sai mawaƙiyar garmaho kaɗai da take ta maimaita kalmarta. Iya ba ta juya ba. Ta ce cikin muryar labari, “Suna shirin tashi ke nan, sai ga ƙanin dodo ya dawo daga ofis.”

Mu yara muka danne dariya saboda muna son rayuwarmu. Maman Bulus ce ta kasa, ta fashe har ta zamo daga kujera.

Baba ya karɓi jirgin daga hannun Nura, ya ɗaga shi kusa da fuskarsa. “Iya, daga Ingila fa na zo da wannan. Wata nawa ina haɗa shi.”

“Na sani, ina kallonka. Da kana kamar maigidana, motar kara ka yi, akuya ta cinye ta, ka kwana kana kuka, ni na tashi da asuba na yi maka wata.” Ta ajiye ludayin, muryarta ta sauka. “Yaron nan, akwatinka ya ƙwace min yaran nan kaf, ban ce maka komai ba. Ni kuma na ari jirginka na yamma ɗaya. Kada ka taɓa yaro, ni na sa shi.”

Baba ya juya. Ya dubi yaran da suka cika tabarma, ya dubi mutanen kwalin sabulu da ke zube a gefen ƙafarta, ya daɗe yana dubansu. Sannan ya ajiye jakarsa a kan tankin ruwa ya ce, “To yaya aka yi da telan?”

“Yana cikin jirgi, ba direba.”

Nura ya yi ƙarfin hali ya fara “vuuu” a hankali. Baba ya ce, “Kai, ba haka jirgi yake ƙara ba, wannan ai babur ne.” Ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a bayan zanin, ya kumbura kumatu. Jirgi mai karyayyen fiffike ya tashi a karkace, ya kewaya dodo, ya yi sama da tela da zabiya, Baba, mataimakin darakta guda a ofis, yana yi masa gurnani har da tofar da yawu. Aka kawo wuta a tsakiyar tafiyar, falo ya haskaka, bidiyo ya kama surutu shi kaɗai, ba wanda ya tashi. Iya ta rufe da cewa, “Nan na sauka, wanda bai gaji ba ya wuce gaba.”

Asabar ta zo ta wuce ba wanda ya yi zancen Zariya. Aka raba mako: wasu ranaku na akwati, wasu na zanin gado. Baba ya zama direban dindindin, kuma ya fi kowa jin haushi idan aka fara ba shi.

Da na shiga jami'a, 'yan ajinmu sukan tsokane ni wai mu 'yan Abuja ba mu da gari, Hausarmu ma haɗe-haɗe ce. Sai in tuna telan nan in ji sanyi a raina. Yanzu aikina ƙawata ɗakuna da ofisoshi, kuma nakan haɗa tabarmar kaba da kujerar zamani, in rataya tsohon faifan garmaho kusa da ƙwarya, masu gida su tambaye ni wannan salon na ina ne. Na daɗe da yanke wa kaina cewa abin da Iya ta so koya mana ke nan: wanda ya ɗebo daga ko'ina ba rasa asali ya yi ba, wuyar haɗiya ya yi.

Shekara guda kafin rasuwarta na zauna na zayyana mata wannan fassara tawa, da dogon bayani irin na wadda ta yi karatu. Ta saurare ni har ƙarshe, ta yi dariya har sai da ta share ido.

“Ƙawata, ni duk ban san wannan ba. Jirgin nan ne tun ranar da ya ɗora shi a kabad nake so in riƙe in ji nauyinsa, ya hana. Telan da dodon duk hanya ce nake nema in kai wajen jirgi.”

Ban jefar da fassarata ba, don ta yi min amfani kuma har gobe ina cin abinci da ita. Amma na ƙara wata a kanta. Tsohuwa ce da aka kawo garin da ba ta san kowa ba, ta ga abin wasa ta yi sha'awa kamar kowane yaro, ta ga jikokinta suna zamewa daga hannunta, ta tashi ta yi abin da za ta iya da ludayi da soso. Ni na je neman hikima a wajenta, ita kuwa so take a yi wasan da ita.