Yadda Na Rabu da Janareta

Shekarun da nake ɗinki a Kalgo, ni kaɗai ke da janareta a layinmu, kuma ban ɓoye jin daɗina ba. Wutar gwamnati sai ta ga dama take leƙowa. Da magariba ta yi sai in ja igiya, ƙwan lantarki huɗu su kama, hayaƙi ya bi ta bayan shago. Ina ruwana da bayan shago?

Ashe can tagar Inna take, mahaifiyar Alhajin da ya ba ni haya. Tsohuwa ce mai ciwon ƙirji. Ana saura kwanaki a fara azumi Alhaji ya tsaya a bakin ƙofata, ko zama bai yi ba. Ya ce Inna ba ta barci don tari, ko in kashe injin nan ko in nemi wani wuri.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ɗinkin Sallah ya taru har kan benci, a ce in koma fitilar ƙwai kamar mai tsire? Na yi kwana biyu ina huci, har na fara cigiyar shago a Gwandu. Sai wata safiya ina shara na ji tarin da kunnena ta cikin bango, irin wanda ba ya ƙarewa sai numfashi ya tsaya. Tsintsiyar ma ajiye ta na yi.

Wani mai gyaran rediyo ya haɗa mini dogon ƙwai guda ɗaya mai aiki da batirin mota. Da na kunna sai na ga hasken bai kai ko'ina ba, bangon laka ya shanye shi. Yayata ce ta zo da farar ƙasa a ƙwarya ta shafe shagon tas, har rufi. Abokai suka samu abin yi, wai tela ya buɗe ɗakin amarya, yaushe za a kawo gara? Na ce su yi ta yi. Ƙwan nan guda ya haska har ramin allura. Batiri biyu na saya, direban bas ɗin Gwandu yana ɗaura ɗaya a motarsa ya dawo mini da shi a cike. Janareta kuwa na sayar wa mai niƙa a bayan gari. Har yau ina alfahari, ba wanda ya koya mini wannan.

Ana jibi Sallah Inna ta fito da kanta, tana dafa bango, da atamfa a hammata. Na ce, "Inna, ai na rufe karɓar ɗinki."

Ta ce, "Ɗana, karɓi wagga. Tun bara na aje ta, na ɗauka ba ni kaiwa wagga Sallah da rai."

Na ture rigar hakimi da nake ɗinkawa gefe, na ɗauko tef na auna ta.