Gwiwa a Ƙasa

Ni ɗan mahauta ne, kuma wasan mahauta dambe ne tun kaka da kakanni. A dambe, da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, shi ke nan, an kashe ka, makaɗa su juya kalangu su koma yi wa wani kirari. Babana ya yi dambe tun kafin a haife ni, kuma labarin yadda ya bari shi ne labarin da muka fi sha a gidanmu, har mun haddace shi kamar karatun allo.

A Utai abin ya faru, da kaka. Lokacin yana saurayi, ba a taɓa kai shi ƙasa ba, har ya cika baki gaban makaɗa cewa ranar da ya taɓa ƙasa, ranar ya bar dambe. Ran nan ya kai wa wani ƙato bugu, ƙafarsa ta zame a kan karan dawa, gwiwarsa ta ɗan shafi ƙasa ya miƙe. Jama'a na ta ihu, ba wanda ya lura. Amma shi ya sani. Sai ya ɗaga hannu, ya kwance zaren da ya ɗaure hannun damansa da shi, ya miƙa wa makaɗi, ya kamo hanyar Wudil a ƙafa. Bai ƙara ɗaura zare ba. Duk lokacin da ya kawo ƙarshen labarin sai ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa mu sunkuyar da kai, ƙirjinmu cike da alfahari. Wallahi a lokacin ban san wani mutum a duniya da ya kai Baba ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, fastocin 'yan siyasa ba su gama ɓarewa daga jikin gadar Wudil ba, wani tsohon soja ya ajiye kaki ya dawo gida. Mutumin Dagumawa ne, gajere, mai sanyin murya, kowa Sajan yake kiransa. A bariki ya koyi takwando, wasan faɗa na mutanen Koriya, har ya ɗaura baƙin bel. Bayan la'asar sai ya sa fararen kayansa ya gangara kan yashin bakin kogi, yana shura ƙafa sama yana ihu shi kaɗai. Masunta suka ce soja ya taɓa masa kai. Mu samari muka fara zuwa don mu yi dariya, sai ga mu a layi muna ƙirga da yaren Koriya, hana, dul, set, masu wankin mota na kwaikwayonmu daga nesa.

Kai, Sajan ya iya! Mutumin da bai kai kafaɗar Baba ba, amma zai ɗora maka lemo a kan hula ya ɗauke shi da ƙafa, hular ko motsi ba ta yi ba. Abin da ya fi burge ni ma ba wannan ba ne. Ban taɓa ganin mai son doka irinsa ba. Muna miƙa jijiyoyi yana zagaya mu yana karanto dokokin gasar matasa da ka: kowa da ajin nauyinsa, ba naushi a fuska, ba riƙo, ba ture, ba juya wa abokin karawa baya, ƙafa idan za ta je kai to a hankali, domin 'ya'yan mutane ne. Idan wani ya ce, "Sajan, ai nan bakin kogi ne, wa zai gani?" sai ya ce, "Ni."

Ranar farko da aka haɗa ni da wani, na miƙa hagu gaba kamar garkuwa, na ja dama baya kamar mashi, na sauke masa ita a kunne. Yaron ya zauna daɓas. Na juyo ina jiran yabo. Sajan ya zo ya kama hannun daman nan ya ɗaure mini shi a jikin bel ta baya, ya ce, "Ɗan mahauta, wannan mashin naka a gida za ka riƙa barinsa." Haka na yi ta atisaye da hannu ɗaya har ƙafafuna suka koyi magana da kansu. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, don ni ba a wulaƙanta ni in yi shiru, amma ban fasa zuwa ba.

Naushi ya fita daga jikina. Abin da ya ƙi fita shi ne ɗayan. Duk ranar da na zame ko aka buge ni gwiwata ta taɓa yashi, sai in miƙe in karkaɗe wando in koma gefe in zauna.

"Ina za ka?" in ji Sajan.

"An kashe ni."

"Wa ya kashe ka? Ga ka nan kana magana. A wasan nan faɗuwa gargaɗi ce kawai. Idan bugu ne ya kai ka, alƙali zai ƙirga, ka miƙe ka ɗaga hannu kafin ya gama, a ci gaba. Tashi!"

In tashi ina gunaguni, ina jin kamar na saci wani abu. Ya yi ta fama da ni. Wani lokaci da gangan zai share mini ƙafa in faɗi, don kawai ya ce in tashi. A hankali na saba, ko in ce na ɗauka na saba.

Baba ya san inda nake zuwa, amma ya ɗauki abin shiririta. Idan muna fiɗa da asuba sai ya ce wa yaran shago, "Ku matsa wa ɗan Koriya, kada ya shure ku." Abin da ya fi ba shi dariya shi ne zancen faɗuwar. "Mutum ya sha ƙasa, ya tashi ya karkaɗe gindi a ci gaba? To ina wasan yake? Ga sulke, ga hular kwano. Haba, wannan ai rawa ce."

Da aka sa ranar gasar matasa a Kano, Sajan ya zo neman izini har teburin namanmu, ranar kasuwa. Ya cire takalmi, suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, aka tambayi kasuwa da ruwan bana. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba ya ci gaba da wasa wuƙa kamar bai ji ba, can ya ce, "Sajan, ka ɗauke mini yaro, la'asar ta yi ba ya nan, aiki ya yi mini yawa. Ya je. Amma idan ya taɓa ƙasa a Kano, ya kwance igiyar nan ta ƙugunsa ya dawo kan tebur, an gama."

"Malam, a wasanmu taɓa ƙasa ba shi ne ƙarshe ba."

"A gidana shi ne. Kuma da idona zan gani, ba labari za a ba ni ba."

Ina son wasan nan fiye da yadda zan iya faɗa. Shi ne abu na farko da na iya wanda ba gadonsa na yi ba, kuma ga shi an rataye shi a kan gwiwata.

Ranar gasar muka shiga mota da sassafe, Baba ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. A babban ɗakin wasan aka fara auna mu a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Baba ya matso ya leƙa allurar kafin in hau, ya gyaɗa kai ya ce sikelin yana da gaskiya. Daga nan ya samu benci a gaba ya zauna ya harɗe hannuwa. Aka ɗaura mini sulken ƙirji, aka sa mini hular. Ban yarda mun haɗa ido ba.

Karawar farko na ci, ban ma sha wuya ba. Ta biyu aka haɗa ni da wani ɗan birni, siriri, ƙafafu kamar na zalɓe. Turmin farko muka yi kankankan. A na biyu na ga ƙofa a gefensa na afka da gaggawa, ashe tarko ne. Ya juya kamar zai gudu, ya aiko mini da diddige a tsakiyar ƙirji. Numfashina ya ɗauke. Da na dawo hayyacina, gwiwoyina biyu da tafin hannuna suna kan shimfiɗar roba, alƙalin wasa yana tsaye a kaina yana ƙirga da yatsu.

Ba ciwo ne ya riƙe ni ba, zan iya tashi sarai. Amma duk wahalar da Sajan ya sha a kaina a bakin kogi, a wannan lokacin ta bi ruwa. Abin da na sani kawai shi ne na taɓa ƙasa, kuma Baba ya gani. Ɗan mutumin da ya kwance zare a Utai ba tare da kowa ya gan shi ba, yaya zai miƙe gaban ubansa ya karkaɗe wando ya ce a ci gaba? Ina jin Sajan daga kujerarsa yana cewa in tashi, muryar tana zuwa kamar daga ƙasan rijiya. Hannuna ya tafi kan ƙullin bel ɗina da kansa.

Sai na ji wata murya. Muryar da ake kiran dillali da ita daga wannan ƙarshen kasuwar kara zuwa wancan, shanu na kuka amma a ji ta.

"Kai! Tashi! Don ubanka tashi!"

Na ɗaga kai. Baba ne a tsaye, benci ya kife a bayansa, hularsa ta karkace, ya dunƙule hannun dama ya ja shi baya kamar yana cikin fage. Wani ma'aikacin wurin na jan rigarsa ya zauna, ko kallonsa bai yi ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗaga hannuwa, alƙali ya duba idanuna, ya ba da umarni a ci gaba. Na yi faɗan da ban taɓa yi ba, na ci maki, ɗan birnin ma ya ci, ɗakin ya kaure da ihu, duk a cikin ihun ina jin Baba yana yi mini irin kirarin da ake yi wa 'yan dambe. Da aka tashi, ɗan birni ya fi ni maki. Aka ɗaga hannunsa. Na rusuna masa kamar yadda doka ta ce, na je na gaida mai horar da shi, na fito. Sajan ya dafa mini kai, idanunsa sun yi ja.

A motar dawowa Sajan ya zauna gaba, ni da Baba a baya. Sharaɗi dai sharaɗi ne, na taɓa ƙasa, an kuma cinye ni, kuma ni ba zan jira sai an tuna mini ba. Na ciro bel ɗin daga jaka na ɗora masa a cinya. Na juya ina kallon gonaki ta taga don kada ya ga fuskata.

Ya ɗauki bel ɗin ya juya shi. Sai na ga ta gefen ido ya fara naɗa shi a hannun damansa, a hankali, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yadda ake ɗaura zare. Hannun bai manta ba. Ya dunƙule, ya daɗe yana kallonsa. Mun fara hango gada ya yi magana, murya ƙasa ƙasa, ba irin wadda yake ba mu labari da ita ba.

"Ran nan a Utai ban gaji ba. Ko kaɗan ban gaji ba. Tun daga fage har gida ina tafe ina waiwaye, ko wani zai biyo ni ya daka mini tsawa ya ce in koma. Ba wanda ya biyo ni. Kowa sai yabona yake yi."

Ban taɓa jin wannan ɓangaren labarin ba, kuma bai ƙara faɗarsa ba har ya koma ga Allah. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji ina ƙaunarsa fiye da duk lokutan da nake ganin ba wanda ya kai shi.

Ya warware bel ɗin, ya ninke shi da kyau, ya mayar mini a cinya. Sannan ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar Sajan.

"Sajan, gobe da la'asar zan sake shi da wuri. Ka gyara masa gefen nan da yake buɗewa, ta nan yaron ya same shi."