Ranar da Na Ɗora Hannu a Marar 'Yar Farina

Ku matso, 'ya'yana, ku ajiye abin da ke hannunku ku ara mini kunnuwa. Wannan ba tatsuniya ba ce, da ni abin ya faru. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, to abin da bakina ya furta shi za ku karanta.

Shekarun baya, shekarar da kogin Haɗejiya ya cika ya haura har ya kwanta a gonakin shinkafa, aka kawo mini ɗiyata da cikin wata biyar. 'Yar farina ce. Ku na yanzu ba lallai ku san nauyin wannan magana ba. A tasowarmu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Ranar da aka yaye yarinyar nan yayata ta goya ta ta tafi da ita garin Kafin Hausa. Can ta girma, can aka yi mata aure. Yayata take kira Inna. Ni kuwa ba ta da abin da take kirana, sai dai ta durƙusa daga nesa ta ce, "An wuni lafiya?" in ce, "Lafiya," ina kallon turmi.

A al'ada sai cikin fari ya kai wata bakwai mace take komawa gida goyon ciki, ta haihu a gaban iyaye. Da yayata na da rai, wurinta za a kai ta. To yayata ta rasu da rani, ruwa kuma ya ci ɗakin mijin yarinyar a ƙauyensu wajen Baturiya. Sai aka ɗoro ta a jirgin kwale-kwale da ƙullin kayanta, aka sauke mini ita tun lokaci bai yi ba.

Muka zauna gida ɗaya kamar baƙi biyu a tasha. In ina so ta ci abinci, sai in dubi akuyar da ke turke in ce, "Tuwo na hucewa, mai so ya ɗauka." Maigidana, Allah ya jiƙansa, masunci ne mai barkwanci. Yakan ce, "Akuyar nan ta fi kowa sanin sirrin gidan nan. Ranar da ta buɗe baki kashinmu ya bushe."

Kwana huɗu da zuwanta muna shanya 'yar shinkafar da aka tsamo daga ruwa. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno sai kaza ta faɗa wa shanya, ta yi zumbur za ta kore ta. Sai na ga ta tsaya a rabin tashi, ta dafe gefen mararta na dama, ta cije leɓe. Ta ɗan jima a haka, sannan ta miƙe, ta waiwayo ta ga ko na gani. Na gani sarai. Amma na sunkuyar da kai kamar tsakuwa nake tsincewa.

Daga ranar idona bai bar kanta ba. In ta yi atishawa, hannu ya tafi wurin. In ta juya a tabarma da rana, hannu ya tafi wurin. In ta ɗaga tulu, haka.

Abin da ya sa hankalina ya tashi, ina da ƙanwa da take bi na. Tana da ƙaramin ciki, bai fi wata biyu ba, ta ce gefenta na ciwo. Aka ce ai lamarin ciki ne, a yi haƙuri. Kwana biyu jini ya ɓalle mata, kafin a samo jirgi rai ya yi halinsa. Ni na rufe mata ido. Hannunta yana nan dafe da gefen dama, daidai inda yarinyar nan take dafewa.

Na sami maigidana a zaure na ce, "Malam, ka tambaye ta abin da ke damunta."

Ya ce, "Ni? In tambayi 'yata mararta? Ke da kika haife ta kin kasa, sai ni da gemuna?"

Da na rasa yadda zan yi, sai na yi abin da na iya. Na samo sassaƙe na jiƙa da jar kanwa, ya yi jawur, na zuba a ƙwarya na ajiye a ƙofar ɗakinta. Na ce wa akuya, "Ga magani nan, mai ciwo ya sha safe da yamma." Kullum in tarar da ƙwarya an wanke an kife. Ina ta jin daɗi a raina. Ciwo kuwa yana nan inda yake.

Ran nan da hantsi na zagaya bayan ɗakinta ɗibar itace. Sai na ga ƙasa a jiƙe a gindin bango, jawur, har ta tsatsafo. Fuskar ƙanwata kawai nake gani. Na lallaɓa na iske Malam yana ɗinkin raga, na ce, "Jini." Nan take ya yar da ragar ya ɗauki gorar tuƙa jirgi.

Na tsaya a ƙofar ɗakinta, na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Tashi, ɗauko mayafinki." Ta kalle ni da mamaki, ta juya ta ɗauko.

Ruwa ya yanke hanya, sai ta jirgi. Tana gaba, ina tsakiya, Malam na baya yana tuƙi, muna ratsa ciyawar kacalla da ta fi mutum tsawo. Ƙeyarta nake kallo. Ashe wuyan mahaifiyata ne da ita sak, har ɗan tabon nan na bayan kunne. Shekara goma sha tara ban sani ba, don ban taɓa yi mata kallon da ya wuce ƙiftawar ido ba.

A ƙaramin asibitin garin da ke tsallake muka sami wata malamar asibiti, Kirista ce 'yar Filato, ta daɗe a ƙasarmu har Hausarta ta fara komawa irin tamu. Malam ya tsaya waje. Malamar ta ce, "Mama, me ya faru?"

Na ce, "Jini ta zubar."

Yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Ni? Ban ga jini ba."

Na ce wa bango, "A bayan ɗaki."

Sai yarinyar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Jiƙon ne. Da na je awo a garinmu an hana mu shan abin da ba a san shi ba. Ni kuma na kasa cewa ba zan sha ba. Shi nake zubarwa."

Malamar ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce, "Mama, ke kika haɗa, ke kika gani a ƙasa, ke kika tsorata. Aikin duk naki ne." Na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

Amma da ta juya kan yarinyar sai dariyar ta ɗauke. Ta kwantar da ita, ta shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ko ta ga jini ko ruwa? Zazzaɓi fa? Fitsari yana mata zafi? Cikin yana ɗaurewa yana saki a jere? Duk ta ce a'a. Ta ce, "To yaya ciwon yake?"

Yarinyar ta ce, "Kamar an soka mini tsinke, daga nan ya gangara matsematsi. In na tsaya cak sai ya sake ni." Sai hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Na ɗauka cikin ne zai fita. Sati uku ke nan, ban faɗa wa kowa ba."

Sati uku. Rabinsu a gidana, ina taku biyar da ita, ina hira da akuya.

Malamar ta duba fitsarinta, ta ɗora abin sauraro a cikin ta ji bugun zuciyar ɗan, ta ce lafiya lau. Sannan ta dube ni ta ce, "Da jirgi kuka zo ko? Da kuka sauka Baba ya ɗaure shi a turke. To mahaifa ma ɗaure take, da jijiyoyi biyu kamar igiya, ɗaya dama ɗaya hagu, sun gangaro matsematsi. In ruwa ya ƙaru jirgi ya ɗaga, igiya sai ta miƙe. Haka in ciki yana girma. In aka fizgi igiyar da ta riga ta miƙe, da tashin zumbur ko atishawa ko tari, shi ne sukar da take ji. Yana da zafi, amma ba ya taɓa ɗan."

Na ba ta labarin ƙanwata. Ta girgiza kai ta ce wancan daban ne. Ta ce ciwon da ya kama ya ƙi saki, ko ya zo da jini, ko ruwa, ko zazzaɓi, ko jiri, ko ɗa ya daina motsi, wannan ba a kwana da shi a gida, ko da iyo ne a taho. Ta ce kuma ba mu za mu raba wanne ne wanne da ka ba, gara da muka zo.

Sannan ta ce, "Mama, kawo hannunki."

Na cusa hannun cikin mayafi na ce, "'Yar fari ce."

Ta ce, "Na sani. Ba yau na zo garin nan ba. Amma ni ba zan bi ku gida ba, ke za ki riƙa dubawa. Ƙofa a rufe take, ba mai gani."

Ta kamo wuyan hannuna ta ɗora a gefen marar yarinyar, ta bi da yatsuna ta nuna mini inda jijiyar ta bi. Fatar da ɗumi. Rabon hannuna da jikin nan tun ranar da na ɗora ta a bayan yayata na gyara mata goyo. Ina tsaye a haka sai na ji wani abu ya ɗan tunkuɗi tafina daga ciki.

Yarinyar ta ce, "Iya, kin ji shi?"

Ban san inda ta samo sunan ba. Kai na ɗaga mata.

Da muka fito Malam ya ce, "To, yaya jinin?" Na ce, "Kwance jirginka." Kafin mu isa gida ya ji labarin daga bakin 'yarsa, ya yi ta dariya har gora ta kusa kuɓuce masa. Har ya bar duniya in ya so tsokanata sai ya ce, "Ina mai jiƙo?"

Muka bi abin da aka faɗa mana. In za ta tashi daga kwance, ta fara juyawa gefe, ta dogara da hannu, ta miƙe a hankali. In ta ji atishawa tafe, ta ɗan ranƙwafa ta tallafi marar. Ta kwanta da matashi tsakanin gwiwoyi. Na karɓe mata tulu. Na koyi ɗaura mata zane daga ƙasan cikin, ya tallafa ba ya matse ba. Kullum bayan la'asar in ɗumama ruwa, ɗumi ba zafi ba, in saki asabari, in matse tsumma in ɗora mata a wurin.

Ba ma yawan magana. Amma wata rana tana kwance, fuskarta na kallon bango, ta ce, "Iya, ranar da aka tafi da ni, kin yi kuka?"

Na ce, "Ruwan ya huce, bari in ƙaro." Na fita. A bakin murhu na ba da amsar, inda ba ta ji ba. Cikin duk abin da na yi a rayuwata, wannan fitar ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Da cikin ya shiga wata takwas ciwon ya lafa. Na san ya lafa, don na ga yadda take tashi. Amma la'asar na yi sai ta shiga ɗaki ta kwanta, ni ma in ɗora ruwa. Ba ta ce ya daina ba, ban tambaya ba. Haka muka yi har ta haihu, 'ya mace. Na yi mata wankan jego, aka yi arba'in, mijinta ya zo da jirgi. Ranar tafiya, ga mutane cike da gida, ta durƙusa daga nesa ta ce, "Za mu koma." Na ce, "A sauka lafiya," ina kallon turmi.

Ba na zagin al'adar da aka raine ni a cikinta. Amma na ga inda ta kusa kai ni. Da abin yarinyar nan irin na ƙanwata ne, da na rasa ta tana taku biyar da ni, bakina a rufe. Mai ciki, in wani wuri ya yi miki ciwo ki faɗa, ki je awo a duba. Ke kuma uwa, ki tambaya da bakinki.

Malamar asibitin ta yi ritaya ta koma Filato, na taɓa aika mata bandar kifi, ban san ko ya isa ba. Malam shekararsa bakwai a ƙasa, jirginsa na nan a kife a bayan gida. Akuyar ta tsufa a turkenta ta mutu, ba ta tona mana asiri ba. Jaririyar da ta tunkuɗi tafina ta zama budurwa, ana shirin aurenta. Ɗiyata kuwa mijinta ya koma Fatakwal sayar da kifi ya tafi da ita. 'Ya'yanta biyar, sauran huɗun duk can ta haife su, autanta ya shekara goma. Sai a yi shekara biyu ban sa ta a ido ba.

Takan kira ni a waya ran Juma'a. Har yau ban taɓa furta sunanta ba. Mu gaisa, ta tambayi ruwa, in tambayi yara. Wani lokaci, kafin ta kashe, sai ta ce, "Iya, gefen nan ya ɗan motsa mini yau."

Na san ba ciki gare ta ba. Ita ma ta san na sani.

Sai in ce, "A riƙa tashi a hankali." In na ajiye wayar, in la'asar ta yi, nakan tarar da kaina na ɗora ruwa a wuta.